Yadda ake tare zafi daga gida kafin a kai ga na'urar sanyaya ɗaki

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da rana ta yini tana dukan rufinsa ya san abin da ake nufi idan aka ce gida ya riƙe zafi. Rana ta faɗi, iskar waje ta fara sanyi, amma da ka tura ƙofa sai huci ya tare ka, katifa da ɗumi, bango da ɗumi, har ruwan da ka ajiye a kofi ya canza. A irin wannan hali abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, ko ya ƙara wata a kan wadda yake da ita. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na lantarkin da ake amfani da shi a gine-ginen duniya, kuma na'urorin da adadinsu ya kai biliyan 1.6 a lokacin za su iya kaiwa biliyan 5.6 a 2050.

Na'urar sanyaya ɗaki ba ƙera sanyi take yi ba. Aikinta shi ne ta kwashi zafin da ke cikin ɗaki ta jefa shi waje, don haka duk zafin da aka bari ya shigo sai an biya kuɗin fitar da shi. Wanda ya kunna ta a gidan da rufinsa da tagoginsa ke zubo zafi yana ɗibar ruwa ne da rariya. Shi ya sa jerin matakan da ke ƙasa yake da muhimmanci kamar matakan kansu: a auna, a gyara rufi, a yi wa taga inuwa, a toshe kafofi, sannan a zo maganar na'ura a ƙarshe, lokacin da aikin da ya rage mata ya ragu.

Mataki na farko: gano ta inda zafin ke shigowa

Zafi yana tafiya ta hanyoyi uku. Yana ratsa abu mai ƙarfi, kamar yadda cokalin ƙarfe da aka bari a ruwan zafi ke ƙona hannu. Yana bin iska, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Yana kuma tafiya a matsayin huci ba tare da ya taɓa komai ba, kamar yadda kake jin garwashi a fuskarka tun daga nesa. Kowace hanya da maganinta, kuma yawancin kuɗin da ake ɓarnatarwa a wannan aiki yana tafiya ne wajen sayen maganin wata hanya alhali ta wata zafin yake shigowa.

A nemi ma'aunin zafi guda biyu, zai fi kyau irin waɗanda ke nuna yawan danshin iska tare da zafin. A rataye ɗaya a cikin ɗakin da ya fi damun mutane, a tsakiyar ɗaki nesa da bango, ɗaya kuma a waje cikin inuwa inda iska ke kaɗawa. Har tsawon mako guda a riƙa rubuta abin da suka nuna da asuba, da tsakar rana, da la'asar, da kuma lokacin kwanciya. A daidai wannan makon a riƙa rubuta lambar mitar lantarki kowace safiya a lokaci guda, domin ita ce za ta zama shaida daga baya a kan ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sannan a yi amfani da tafin hannu, wanda ba ya ƙarya. Da misalin ƙarfe uku na rana a taka kujera a dafa silin. Da ƙarfe biyar a dafa bangon yamma da gilashin tagarsa. Da ƙarfe tara na dare a sake dafa bangon nan da silin ɗin. Idan silin ya fi tafin hannu ɗumi da rana, rufi ne babban mai laifi. Idan kuwa da dare ne bango ko rufin kankare ke huci, to ginin ya sha zafi ne ya adana, yana amayar da shi a lokacin da ake neman barci.

Mataki na biyu: sanin irin zafin da ake fama da shi

Daga rubutun makon nan za a fitar da abu guda mai yanke hukunci, wato tazarar da ke tsakanin zafin rana da sanyin asuba a waje. Inda iska ta bushe, wannan tazara takan wuce digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan wuri gini mai kauri aboki ne: a rufe gida da rana, a buɗe shi da dare iska ta wanke zafin da bango ya sha, washegari bangon ya tashi da sanyi. A kan wannan dabara aka gina tsofaffin gidajen birnin Yazd na ƙasar Iran, masu bango mai kauri da dogayen hasumiyoyin kama iska.

Inda zafi ya haɗu da danshi kuwa, dare ba ya sanyi sosai, zufa ba ta bushewa, kuma bango mai kauri ba ya samun lokacin hucewa. A nan abin nema shi ne inuwa mai faɗi da iska mai ratsa ɗaki daga wannan gefe zuwa wancan. Wurare da dama suna da yanayin biyu a shekara guda, don haka mazauna su koyi sauya yadda suke buɗewa da rufe gida gwargwadon lokacin.

Mataki na uku: rufi

A nan ya kamata mafi yawan kuɗi da ƙoƙari su tafi, musamman a gida mai hawa ɗaya ko a hawan ƙarshe na bene. Idan sama ta washe, rana tsaka tana sauke ƙarfin da ya kai kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, kuma a ƙasashe masu zafi ranar takan tsaya kusan a tsakiyar kai, don haka rufi ne ke karɓar dukan kai tsaye. Ana kare shi hawa-hawa, daga sama zuwa ƙasa.

Hawa na farko launi ne. Rufi mai duhu yana haɗiye mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, yana iya kaiwa digiri 65 ko fiye da rana, alhali farin rufi yana mayar da kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na hasken, kuma yana iya kasancewa ƙasa da mai duhun da digiri ashirin da wani abu a rana guda. Ba don ado ba ne birnin Ahmedabad na Indiya ya fara shirin shafa wa rufin gidaje farin fenti a 2017 a cikin matakansa na kare jama'a daga tsananin zafi. Kafin a shafa, a wanke rufin a bar shi ya bushe, a kankare tsatsa idan kwano ne a sa masa fentin share fage, a toshe duk inda ke yoyo, sannan a shafa fentin da aka yi musamman don rufi sau biyu, a bar na farko ya bushe sarai. Farar ƙasa ma tana aiki a kan kankare, sai dai ruwan sama yana wanke ta, dole a riƙa sabuntawa. Kada a ruɗu da ƙyallin sabon kwano mara fenti: yana mayar da haske, amma ba ya saurin sakin zafin da ya ɗauka, kuma da ya dusashe sai ya koma wajen masu duhu.

Hawa na biyu takardar alminiyam ce da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano. Kwanon da ya yi zafi yana aika huci ƙasa zuwa silin, ita kuma takardar tana tare kusan kashi 95 cikin ɗari na wannan huci. Amma tana da sharaɗi guda wanda ake yawan karyawa: dole fuskarta mai ƙyalli ta kalli fili na iska, aƙalla santimita biyu da rabi. Idan aka matse ta tsakanin kwano da katako ko aka lulluɓe ta da wani abu, ta koma ƙarfe kawai, zafi ya ratsa ta ya wuce. Ƙura ma tana kashe ta. Na taɓa leƙa saman silin inda aka shimfiɗa irin wannan takarda a kwance, ƙyallinta na kallon sama, na shafa yatsa a kanta sai ga layi mai haske a tsakiyar ƙura mai kauri, layin nan kaɗai ne ya rage yana aiki. Saboda haka a ɗaure ta a ƙasan katakon rufi, ƙyallin ya kalli ƙasa, inda ƙura ba ta zama.

Hawa na uku shi ne makarin zafi mai kauri da ake shimfiɗawa a kan silin, ko audugar gilashi, ko audugar dutse, ko allunan farin soso irin wanda ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali, ko soso mai tauri na foliyuritan. Sirrinsu duka ɗaya ne: iska ce aka tsare a ƙananan ramuka ta kasa motsi, kuma iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi ta kai gaba. Kowane abu yana da lambar da ke nuna saurin ratsawar zafi a cikinsa. Ta ƙarfe kusan 50 ce, ta kankare tsakanin 1.4 da 2, ta katako kusan 0.13, ta audugar gilashi da farin soso kusan 0.04, ta foliyuritan kuwa kusan 0.025. Idan aka raba kaurin abu a mita da wannan lamba, ana samun ƙarfin tarewarsa, wanda ake rubutawa da harafin R a jikin kaya. Audugar gilashi mai kaurin santimita 10 tana ba da R 2.5, alhali kankare mai santimita 20 ba ya kai 0.15. Wato sai an zuba kankare mai kaurin kusan mita huɗu kafin a yi daidai da audugar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. A kula da lambar da ke jikin kaya, domin a Amurka ana ƙirga R da wani ma'auni dabam wanda lambarsa ta ninka wannan fiye da sau biyar da rabi, don haka R 14 nasu shi ne kusan 2.5 a lissafin mita.

Ga misali don a ga girman abin. A ɗauki gida mai silin murabba'in mita 60, saman silin yana digiri 50 da rana, cikin ɗaki kuma ana son 27, bambanci 23 ke nan. Siririn silin mara komai a kansa ƙarfin tarewarsa bai wuce 0.3 ba. A ninka 60 da 23 a raba da 0.3, za a sami wat 4,600 na zafi yana kwararowa, fiye da abin da matsakaiciyar na'urar sanyaya ɗaki guda ke iya fitarwa. A shimfiɗa audugar santimita 10, ƙarfin ya koma 2.8, zafin ya sauko ƙasa da wat 500. Santimita goma na farko su ne ke yin babban aikin. Goma na biyu suna ƙarawa, amma ribarsu ba ta kai ta farko ba ko kusa, don haka wanda kuɗinsa bai da yawa gara ya rufe dukkan silin da santimita goma da ya tula ashirin a ɗaki guda.

Wajen shimfiɗawa, a yanka audugar ta shiga tsakanin katakai daidai, ba a matse ta ba, domin matse ta yana korar iskar da ke yin aikin. Kada a bar giɓi a kusurwoyi da bakin bango, kuma kada a manta da murfin ƙofar shiga silin, wanda sau da yawa shi kaɗai ake bari tsirara. A bar tazara a kewayen fitilun da aka binne a silin da duk abin da ke zafi. Farin soso da foliyuritan suna cin wuta kuma hayaƙinsu guba ne, don haka kada a bar su a fili a cikin ɗaki ba tare da an rufe su da allon da ba ya kama wuta ba.

Shi kansa aikin yana da haɗari. A kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a hau, a yi aikin da sassafe, a sa takunkumi da safar hannu da tabarau da riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayin audugar, kuma a taka katako kaɗai, kada a taka silin. A tsakanin 2009 da 2010 gwamnatin Ostireliya ta gudanar da wani babban shiri na sa makarin zafi a gidaje, matasa huɗu masu aikin suka rasu, uku lantarki ne ya kama su, ɗaya kuma zafin cikin rufi. Takardar alminiyam tana ɗaukar lantarki, kuma ƙusa ko filin ƙarfe guda da ya huda waya ya isa ya sa dukkan shimfiɗar ta zama tarko.

Abu na ƙarshe a rufin kwano shi ne a ba zafin da ya taru tsakaninsa da silin hanyar fita. Iska mai zafi sama take yi, don haka ana buɗe kafofi a ƙasan bakin rufi inda iska za ta shiga, da wasu a ƙololuwa inda za ta fita, a sa musu raga saboda tsuntsaye da ɓeraye. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce murabba'in mita ɗaya na kafa ga kowane murabba'in mita 150 zuwa 300 na silin. A tabbata audugar ba ta toshe kafofin ƙasan ba.

Rufin kankare lamarinsa dabam ne, domin yana shan zafi da rana ya sake shi sa'o'i da dama bayan haka. Makarin zafinsa a sama ya fi dacewa a sa shi, a waje, don kada kankaren ya yi zafi tun farko: allunan soso masu jure ruwa da nauyi a kan abin hana yoyo, sannan a lulluɓe su da tayil mai haske ko tsakuwa. Idan hakan bai samu ba, farin fenti da wata rumfa da aka ɗaga sama da kankaren, iska na wucewa ta ƙarƙashinta, suna rage abin sosai. Allunan sola ma suna yin wannan inuwa idan an bar fili a ƙarƙashinsu.

Mataki na huɗu: tagogi

Gilashi fari na yau da kullum yana barin fiye da kashi 80 cikin ɗari na zafin rana ya wuce. Da hasken ya shiga ya sauka a ƙasa da kujeru, ya zama zafi, ba ya kuma samun hanyar komawa. Labule yana taimakawa kaɗan, musamman mai fari ta waje, amma a lokacin da rana ta taɓa labule ta riga ta shigo ɗaki. Inuwa ta waje ce magani.

Tagogin kudu da arewa suna da sauƙi, domin rana tana dukansu daga sama, rumfa madaidaiciya a kansu ta isa. A lura cewa a yankin da ke tsakanin digiri 23.5 arewa da 23.5 kudu da tsakiyar duniya, rana takan karkata kudu a wani ɓangare na shekara ta karkata arewa a wani, don haka ɓangarorin biyu duk suna bukatar rumfa. Kafin a kira mai walda ko kafinta, a riƙe faffaɗan kwali a saman tagar a sa'o'in da rana ke dukanta, a matsa shi gaba da baya har inuwarsa ta rufe gilashin, sannan a auna faɗin.

Na gabas da yamma su ne masu taurin kai, domin rana tana shigarsu a kwance, ta ƙarƙashin kowace rumfa. Ta yamma ta fi muni, saboda tana samun rana a lokacin da iskar waje ta kai ƙarshen zafinta. Su sai abin da ya tsaya a gabansu: ƙofofin taga na katako masu tsaga-tsaga, ko allunan da aka kafa a tsaye, ko ragar inuwa, ko bishiya da tsiro mai yaɗo a kan waya nesa kaɗan da bango. Inda ba a da ikon taɓa wajen gini, kamar gidan haya, akwai leda ta musamman da ake manna wa gilashi, kuma a duba lambar da ke nuna yawan zafin da take bari ya wuce, ba duhunta ba, domin wata mai duhu haɗiye zafi take yi ta sa gilashin kansa ya yi huci. Gilashi mai ruɓi biyu yana da amfani a ɗakin da ake sanyayawa kullum, amma a ganina wanda bai yi inuwa ba bai kamata ya fara da shi ba.

Bango bai kai rufi da taga ba, don haka maganarsa gajeriya ce. Fenti mai haske da inuwa a bangon yamma sun wadatar a yawancin gidaje. Idan tafin hannu ya nuna yana huci da dare, shi kaɗai za a yi wa makari, kuma ta waje ya fi.

Mataki na biyar: iska, lokacin buɗewa da lokacin rufewa

Ma'aunan nan biyu su ne alƙalai. Idan na waje ya fi na ciki sanyi, a buɗe. Idan na ciki ya fi sanyi, a rufe. Mutane da yawa suna buɗe tagogi da tsakar rana don neman iska, suna shigo da iskar digiri 40 cikin ɗakin da yake 32. Iska ba ta ratsa ɗaki sai tana da mashiga da mafita a ɓangarori dabam-dabam, kuma idan mafitar tana sama za ta fi jan zafi. A daren da babu iska, a ajiye fanka a bakin taga ɗaya tana hurawa waje, sai sanyin dare ya biyo ta ɗaya tagar.

Ɗakin da ake kunna wa na'ura kuwa akasin haka ake masa, a toshe shi tsaf. Da rana a rufe ƙofa da labule a tsaya a ciki cikin duhu, duk inda haske ya leƙo, iska ma tana bi ta nan. A manna roba ko soso a gefen ƙofa da taga, a sa matari a ƙasan ƙofa, a cike ramin da bututun na'ura ya ratsa bango, wanda masu sawa kan bari a buɗe. Amma kada a toshe ɗakin da ake kunna gas ko wata wuta a cikinsa, domin hayaƙin da ba a gani kuma ba a jin warinsa yana kisa.

Mataki na shida: zafin da ake haifarwa a cikin gida

Kusan duk lantarkin da aka sha a cikin ɗaki zafi yake komawa. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana ɓarnatar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutarsa a zafi, alhali ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi. Mutum guda a zaune yana fitar da kusan wat 100. Firji yana zubar da zafinsa ta baya, don haka a janye shi daga bango, a share ƙurar bayansa, a raba shi da murhu, a kuma gwada robar ƙofarsa da takarda: idan aka rufe ƙofar a kanta ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu. Girki da guga a kai su lokacin sanyi, a kuma fitar da tururinsu waje.

Mataki na bakwai: fanka, sannan na'ura

Fankar da ke juya iskar cikin ɗaki kawai ba ta rage zafin ɗakin ko digiri ɗaya, fatar mutum take sanyayawa ta hanyar busar da zufa, don haka barinta tana juyawa a ɗakin da ba kowa asara ce. Fankar silin ta yau da kullum tana cin wat 60 zuwa 75, sababbi masu injin zamani kuma kusan rabin haka. Na'urar da ke fitar da zafin kilowat 3.5, wadda ake rubuta wa BTU 12,000, tana jan kusan wat 1,000 zuwa 1,200 idan tana aiki da ƙarfinta. A sa'o'i takwas fanka ta sha kusan rabin yunit, na'ura kuwa tana iya kaiwa yunit takwas ko tara. Idan aka haɗa su, ana iya ɗaga ma'aunin na'urar da kusan digiri biyu jiki bai ji bambanci ba. Sai dai fanka tana da iyaka: Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a dogara da ita idan zafin iska ya kai digiri 40, domin a nan ƙara wa jiki zafi take yi.

Yanzu ne za a zaɓi na'ura, bayan an rage nauyin da za ta ɗauka. Kada a sayi babba don kawai ana ganin babba ta fi. Wadda ta fi ƙarfin ɗaki tana saurin sanyaya iska ta tsaya kafin ta tsotse danshi, sai a zauna cikin sanyi mai laima, jiki na danƙo. Cire danshi muhimmin ɓangare ne na aikinta, hasali ma na'urar da Willis Carrier ya tsara a 1902 don wata maɗaba'a a Brooklyn, an yi ta ne saboda danshi yana kumbura takarda yana ɓata bugu. A duba takardar da ke nuna ƙarancin shan wuta, a fifita mai inbata idan za ta riƙa aiki sa'o'i masu yawa, domin tana rage gudu maimakon ta riƙa tsayawa tana tashi. Ɓangarenta na waje a sa shi a inuwa inda iska ke kewaya shi, kada a kulle shi a lungu.

Saita ta a 16 ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi, hana ta hutawa kawai yake yi. Hukumar kula da tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da na'ura ke sha, kuma daga farkon 2020 ta wajabta sababbin na'urori su zo a saite a 24. Tsakanin 25 da 27 tare da fanka ya ishi yawancin mutane. Rariyar da ke tace ƙura a zare ta a wanke kowane mako biyu zuwa huɗu, domin toshewarta kaɗai tana iya ƙara shan wuta da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Inda iska ta bushe, na'urar da ke sanyaya iska da ruwa tana cin wuta kaɗan ƙwarai, amma tana bukatar taga a buɗe, kuma a wuri mai danshi ba ta da amfani.

Mataki na takwas: kada a gudu gara a faɗa gidan zago

Dubi kofin ruwan sanyi da aka ajiye a tebur, yadda yake tsatsafo da raɓa ta waje. Haka iska mai danshi ke yi wa duk abin da ya fi ta sanyi. Iskar digiri 30 mai danshi kashi 70 cikin ɗari tana fara zubar da ruwa a kan abin da sanyinsa ya kai kusan digiri 24. Idan aka sanyaya ɗaki zuwa 18 a irin wannan yanayi, iskar waje da ta kutsa cikin bango ko saman silin za ta tarar da fuska mai sanyi ta jiƙa ta a inda ido ba ya gani, sai fumfuna da wari da ruɓewar katako su biyo baya, kuma audugar da ta jiƙe ta daina tare zafi.

A nan ne shawarar da aka ɗauko daga ƙasashen sanyi take cutarwa. Can ana sa ledar hana tururi ta cikin ɗaki, domin ɗumi da danshi a ciki suke, sanyi a waje. A ƙasa mai zafi da danshi inda ake sanyaya ɗaki, tururin daga waje yake nufo ciki, don haka leda ko takardar bango ta roba a fuskar ciki tarko ce da ruwa zai taru a bayanta. Abin hana tururi, idan ana bukatarsa, ta gefen waje yake zama, fuskar ciki kuma a bar ta da fentin da ke barin bango ya bushe. Bututun na'ura mai sanyi a naɗe shi da soso ba tare da giɓi ba, a kuma tabbata ruwan da take zubarwa yana fita nesa da gini.

Bayan kowane gyara a koma ga littafin nan na makon farko, a sake auna zafi a lokutan nan huɗu, a sake karanta mita, a kwatanta da ranaku masu kama da juna a yanayi. Gara a yi gyara ɗaya a auna kafin na gaba, domin a san wanda ya yi aiki. Kafin kowane lokacin zafi ya kama, a wanke farin rufi, domin ƙura tana rage masa haske a shekarun farko, a leƙa ragar kafofin iska ko ta toshe, sannan a ɗaga murfin silin a haska tocila. Mai gyaran waya ko bututun ruwa yakan ture audugar gefe ya yi aikinsa ya sauko bai mayar ba, kuma sau da yawa a daidai wannan wurin ne tafin hannu zai tarar da silin ya koma ɗumi.